Mai Lafiyar Aka Cire

Likita ne ya aiko a kira ta, kuma Likita ba ya aikawa a kira mutum don gaisuwa. Ba likitan asibiti ba ne. Tsoho ne a ɗakin gyara na kamfanin wuta, wanda duk injin da ya mutu sai an kai masa ya farke cikinsa ya faɗi abin da ya kashe shi. Shekara talatin da wani abu yana wannan aikin, har sunan ya manne masa.

Auta ta ɗauki kwamfutarta ta tsallaka farfajiya da misalin ƙarfe goma na safe, tana tafe tana murmushi. Auta dai sunan gida ne, amma da yake yayanta ya riga ta shiga kamfanin da shekara goma sha biyar, sunan ya biyo ta har wurin aiki. Sai baƙo ne yake ce mata Injiniya. Murmushin kuwa da dalilinsa: ta san abin da Likita ya yanka, kuma ta ɗauka yabo za ta je karɓa.

Babbar taransifoma ta tashar wuta, wadda ake kira ta biyu, tana da ƙahoni uku a ka, ta nan wuta take shiga. Ma'aikata suna ce musu bushin, kuma kowanne da fentin da aka shafa masa a gindi: ja, rawaya, shuɗi. Daga waje tangaran ne mai ƙyalli, tsawonsa ya kusa na mutum biyu. Ciki kuwa takarda ce aka jiƙa da mai aka nannaɗe ta, ninki a kan ninki. Idan takardar nan ta fara ƙonewa, ba abin da ido zai gani daga waje. Haka zai yi ta ci ta ciki yana ƙyalli, har ranar da zai tarwatse, ya watsa tangaran kamar wuƙaƙe, mai ya kama da wuta. Wanda yake kusa a ranar, sai dai a yi masa addu'a.

Don gudun haka aka ɗaura wa kowane bushin 'yar na'ura a gindi shekara biyu da suka wuce. Ita take auna 'yar wutar da ke sulalewa ta cikin takardar, ta aika da lamba ta kebur zuwa wani akwati a jikin taransifomar, daga nan lambar ta iso allon Auta a ofis, ba tare da an kashe wa kowa wuta ba. Aikinta ke nan, kallon layi uku. Kusan wata uku da suka wuce ta ga layin ja ya fara hawa. Ta yi ta rubutu, ta yi ta tsayuwa a ƙofar Oga, har aka yarda aka kashe wa rabin gari wuta na yini guda, aka kawo injin ɗaga kaya, aka cire jan aka sa sabo. Mako uku ke nan. A taron wata Oga ya sa aka tafa mata.

Ta tarar da tsohon bushin ɗin kwance a kan katako biyu, an tsaga shi gida biyu, mai yana tarara cikin faranti. Likita yana tsaye a kansa da tabarau a karan hanci. Bai amsa gaisuwarta da kyau ba.

Ya yago guntun takarda daga ciki ya miƙa mata. "Shinshina," ya ce.

Ta shinshina. Warin mai ne kawai.

"Kin ji ƙauri?"

"A'a, Baba. Ƙila can ciki ne."

"Can cikin ne wannan. Na bi shi ninki bayan ninki tun jiya, har na kai ƙarfen tsakiya. Ko ɗigon baƙi babu. Kafin in sa masa zarto ma sai da na auna shi sau uku, abin da masu ƙera shi suka rubuta a jikinsa shi na samu, bai goce ba. 'Yata, wannan ƙahon ya fi ni lafiya."

Abin da ya fara zuwa mata haushi ne. Haka ɗan Adam yake, kafin tsoro ya iso haushi ya riga shi. "Baba, ko dai ma'auninka ne ya tsufa?"

"Ma'aunina ya girme ki, amma idona fa? Shi ma ya tsufa? To naki sabo ne, duba da kanki."

Ta duba. Takarda fes, ruwan zuma, kamar jiya aka naɗe ta. Ta ajiye kwamfutar a kan teburin da ke cike da sifana da tsumma, ta buɗe. Allon ya nuna mata abin da yake nuna mata kullum tun mako uku: kore, kore, kore. Wannan koren kuwa ita ta san daga inda ya fito. Ƙa'ida ce idan an sa sabon bushin a goge tsohon lissafi, a gaya wa na'ura ta ɗauki duk abin da ta gani yanzu a matsayin lafiya, ta fara ƙirga daga nan. Ranar da aka gama aikin, ana ta gaggawar mayar da wuta kafin yamma, ita ta danna maɓallin da yatsanta, ta rufe kwamfuta, ta shiga cikin masu murna.

Yanzu sai ta bar koren, ta nemo ainihin lambobin, na kafin aikin da na bayansa, ta jera su a layi ɗaya.

Layin ja bai ma san an yi wani aiki ba. Yadda yake hawa kafin a kashe wuta, haka ya ci gaba da hawa bayan an mayar da ita, daga daidai inda ya tsaya. Cikin kwana huɗun nan ma ya ƙara miƙewa. Layin rawaya ne ya yi ɗan tsalle a ranar, irin tsallen da sabon kaya yake yi, ya kwanta abinsa.

Sai da ta karanta sau biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Baba, kebur ɗin a juye suke. Na rawaya yana gurbin ja. Duk abin da nake gani ina cewa ja ne, rawaya ne."

Likita ya cire tabarau. "Kina nufin marar lafiyar yana can?"

"Yana can. Da wuta a jikinsa."

"Wata biyu yana ci, ga mako uku a kai, kuma kin ce wa na'ura wannan shi ne lafiya?"

Sai wani abu ya faɗo mata wanda ya fi wannan. Yau Talata ce ta farkon wata, ranar ɗebo man gwaji. Ana ɗebo shi ne da wuta a kunne, daga wani famfo a ƙasan taransifomar, mutum ya tsugunna da kwalba ya jira ta cika. Jiya da rana aka kawo mata takardar izinin aikin, ta kalli allonta, ta rubuta cewa babu matsala, ta sa hannu. Sunan da ke kan takardar na Yaya ne.

Yayan da ya goya ta, wanda ya fara ɗora mata hular kwano a ka tana 'yar makaranta don ya ga yadda za ta yi mata. Kuma shi ne, da hannunsa, ya ɗaura keburan nan uku shekara biyu da suka wuce.

Ta kira shi. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, haka. Tashar tafiyar minti arba'in ce a mota, in hanya ta yi kyau.

"Ba ni wayarka, Baba."

Da wayar Likita ta kira ɗakin kula na tashar. Wanda yake bakin aiki ranar kuwa, cikin duk mutanen duniya, sai ya zama Sai-da-Takarda. Mutumin kirki ne, ba a taɓa kama shi da laifi ba, don bai taɓa yin komai ba sai an rubuto masa. Ko fanka zai kunna, abokan aikinsa sukan tambaye shi ko an sa hannu.

"Ka kashe taransifoma ta biyu yanzu," ta ce. "Yanzu-yanzu. Bushin ɗin rawaya zai fashe."

"Wace ce? Auta? To, sannu. Ai nan gabana kore ne duka."

"Koren ƙarya ne! Ka kashe!"

"Ikon Allah. Kin san abin da ke kan ta biyu kuwa? Gidan ruwa, masaƙa, rabin gari. Ni ba na taɓa ta sai umarni ya zo daga babban ɗakin kula, su kuma sai Oga ya kira su. Ki kira Oga."

"Oga yana taro, wayarsa a kashe! To aƙalla ka fita ka kira min Yaya, yana filin taransifoma."

"Ba na barin kujerar nan ba kowa, kin sani. Direbansa kuma yana can bakin ƙofa cikin mota."

Tana shirin zaginsa sai wayarta ta yi ƙara. Yaya ne. Ta miƙa wa Likita tasa ba tare da ta kashe ba, ta ɗauki tata. Abin da ta fara ji gurnanin taransifomar ne, wannan ƙugin da ba ya yankewa, ya cika wayar.

"Autar Inna," ya ce yana dariya, "kira biyu a jere? Hannuna duk mai, sai da na cire safar hannu. Wa ya taɓa min ke?"

"Yaya, ka fita daga filin nan. Ka ajiye komai ka fita."

"Saura kwalba ɗaya."

"Ka bar ta! Don Allah don Annabi ka fita!"

Ya daina dariya. Ta ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin takalminsa, ƙugin ya fara raguwa. Yana tafiya. Ta dafe teburin ta saki numfashi.

"To ga ni ina fita. Me ya faru?"

A nan ta yi kuskuren da har yau in ta tuna sai ta rufe fuska. Da ta ce masa matarsa ce ta faɗi, ko ta ce Oga ke nemansa, da tuni ya kai mota. Amma ita injiniya ce tana magana da gwani, kuma ba ta saba yi masa ƙarya ba. Sai ta faɗa masa gaskiya: an yanka jan an same shi lafiya lau, rawayan ne ke mutuwa, keburan a juye suke a cikin akwati.

Ƙarar tsakuwar ta tsaya.

"Keburan wa?"

"Yaya, ka ci gaba da tafiya, ma yi maganar daga baya."

"Ni na ɗaura su. Ni na ja su ta bututu, ni na manna musu alama. Shekara ashirin da biyu ina aikin nan, ba a taɓa warware abin da na ɗaura ba. Ba zai yiwu ba."

"Lambobin suna gabana!"

"Lambobi," ya ce.

Sai tsakuwa ta sake ƙara. Da farko ta ɗauka ya ci gaba da fita. Sai ta ji ƙugin yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, har ya fi yadda yake lokacin da ta ɗauki wayar. Ta kalli Likita da baki buɗe. Akwatin keburan a jikin taransifomar yake, a tsakiya, daidai ƙarƙashin bushin ɗin rawaya.

"Komawa ya yi," ta ce. "Baba, ya koma ya duba."

"Me ya kai ki faɗa masa?" Likita ya daka mata tsawa. "Ba ki san yayanki ba ne?"

Ta sani mana. Mutum ne da in ka ce masa gidansa ya kama da wuta zai tambaye ka ta ina, amma in ka ce masa ya ɗaura waya ba daidai ba, to ba zai ci abinci ba sai ya gani da idonsa. Kai, wannan girman kai na masu aikin hannu! Ta yi ta kiran sunansa cikin wayar, Yaya, Yaya, ba amsa. Ya jefa ta cikin aljihun gaba bai kashe ba. Tana jin numfashinsa, tana jin ƙarar sukundireba a jikin ƙarfe, ƙusa ta farko, ta biyu. Murfin akwatin ƙusa shida ne.

Ta fizge wayar Likita. Waya ɗaya a kunnen dama, ɗaya a na hagu.

"Leƙa taga," ta ce wa Sai-da-Takarda. "Ina yake?"

Ta ji kujera ta ja. "Yana jikin ta biyu. Ya buɗe wani akwati. Kai, me yake yi? Kebur yake ja, yana ɗaga kai sama."

Yana jan su ne ɗaya bayan ɗaya ya ga wanne zai motsa a bakin bututu. Likita da ya ji haka sai ya dafe kai da hannu biyu. Kebur ɗin nan in ya tsinke daga gindin bushin da wuta a kai, ko lafiyayye ne sai ya yi tartsatsi, balle wanda ya riga ya ci rabi.

"Ka kashe ta," Auta ta ce. Hawaye ya riga ya wanke mata fuska. "Ina roƙonka. Ka rubuta sunana, ka ce ni na sa ka."

"Auta, ki fahimce ni. In aka tambaye ni hujja, me zan nuna? Allon da ke gabana naki ne, kuma kore yake."

"Ni na mayar da shi kore! Da hannuna na goge lissafin! Na sa an cire mai lafiya, na bar marar lafiya, na ce wa na'ura ta yi shiru, jiya kuma na sa hannu na tura ɗan'uwana ƙarƙashinsa. Ka rubuta haka, kalma bayan kalma, a kore ni gobe. Amma ka kashe!"

Tana jin yadda Sai-da-Takarda yake numfashi ta baki. A ɗaya kunnen kuwa ƙugin yana nan, da ƙarar ƙarfe, da muryar Yaya yana ƙirga wani abu shi kaɗai.

Likita ya karɓi wayarsa daga hannunta a hankali.

"Ɗana, ni ne. Ka san muryata? To. Gawar jan tana gabana, na yanka ta, ba abin da ya same ta. Abin da yarinyar nan ta gaya maka gaskiya ne. In ka kashe, takardar da za ka rubuta shafi ɗaya ce, ni ma zan sa hannu a ƙasa. In ba ka kashe ba, kai ne kake kallonsa ta taga. Kai za ka fara zuwa wurin."

Ba ta ji abin da Sai-da-Takarda ya amsa ba. Abin da ta ji, a kunnen da Yaya yake, wata ƙara ce, dam, kamar an buga ƙofar ƙarfe da guduma. Ta kurma ihu. Ta zube a ƙasa cikin man da ya tarara, ma'aikata biyu suka shigo da gudu daga waje suna tambayar lafiya. Ta ƙanƙame wayar a kunne. Babu ƙugi. Babu komai. Tunda take ba ta taɓa jin tashar nan ta yi shiru haka ba.

"Ya kashe," Likita yake ce mata, yana girgiza kafaɗarta. "Ƙarar makunnin ce kika ji. Ya kashe ta, 'yata. Ya ce ya kashe."

"To ina Yaya? Me ya sa ba ya magana? Yaya!"

Can aka ji motsin yadi, an zaro wayar daga aljihu. Numfashi ya biyo baya, mai nauyi.

"Auta."

"Na'am! Na'am, Yaya, kana lafiya?"

"Kin yi gaskiya." Muryar ba irin tasa ba ce, ta yi ƙasa, ta tsufa. "Na rawaya na sa a gurbin ja. Bakin farko kawai na manna wa alama, da suka fito ta ɗaya bakin bututun na ɗauka yadda suka shiga haka suka fito. Shekara biyu, Auta."

"Ba komai, wallahi ba komai, ni ma na yi nawa. Ka dai fito daga wurin."

"Bari in ɗan zauna."

"Ba a nan ba! Ka matsa tukuna!"

Ta ji ya zauna a kan tsakuwa. Likita ya sunkuyo ya kara kunnensa kusa da nata, ma'aikatan nan biyu suna tsaye a kansu ba mai motsi.

"Auta," ya sake cewa. "Tun da na buɗe akwatin nan wani abu yake ɗigo min a bayan wuya. Na ɗauka gumi ne daga hula, ban ko kula ba. Yanzu na shafa."

"Mene ne?"

"Mai ne. Daga sama yake sauka, daga gindin rawayan. Da zafinsa, Auta. Har yanzu yana ɗiga."